Darasi na 17: Motar Kara da Tuwon Ƙasa

Jama'a, darasinmu na yau a kan wasan yara ne. Ba langa ko kokawa mu ke nufi ba, ko da ya ke su ma suna da nasu amfani. Muna nufin wasan da yaro ke haɗa wani abu da hannunsa, kamar ya gina sa da yumɓu, ko ya haɗa mota da kara, ko yarinya ta tuƙa tuwon ƙasa, ta yi wa 'yar tsana kitso. Irin wannan wasa shi ya fi jawo wa yara faɗa a gida, domin shi ne mai ɓata riga, mai cika tsakar gida da tarkace. Amma a ganinmu shi ya fi kowane wasa amfani. Bari mu fara da labarin wata unguwa a Kano.

Unguwar Nasarawa

Turawan Ingila sun ci Kano a shekarar 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sai suka kafa mazauninsu a bayan badala, wajen gabas, a Nasarawa da Bompai. Suka yanka manyan filaye, suka dasa itatuwa, kowane gida da tazara tsakaninsa da na maƙwabci. Ita ce unguwar da a ke kira Nasarawa G.R.A. Bayan samun mulkin kai a 1960 Turawa suka yi ta raguwa, manyan ma'aikata da attajirai 'yan ƙasa suka gaji wurin. Gidan Gwamnati a nan ya ke, da filin sukuwa, da gidan Sarki na Nasarawa.

A cikin unguwar nan akwai wani tsohon gida da a ke kira Gidan Ɗan Hausa. Ɗan Hausa laƙabi ne na wani Bature, Hanns Vischer, wanda ya ji Hausa ƙwarai. Shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, a nan Nasarawa, cikin 1909. Da Hausa a ke koyarwa. Kuma ba karatu da rubutu kaɗai a ke yi ba, har da sana'o'in hannu, kamar su kafinta da ƙira da dukanci da saƙa. Watau tun daga tushe, bokon ƙasar nan tare da aikin hannu ya taso.

Shi kansa gidan da ƙasa aka gina shi, da tubali da azara, aikin maginan Kano. Ya haura shekara 100 yana tsaye. Yanzu gidan tarihi ne, baƙi na zuwa kallonsa daga ƙasashe masu nisa. To, ku lura da abin mamaki. Gidan da ya fi suna a unguwar nan da laka aka yi shi, amma yau akwai gidaje da yawa a wurin da yaro ba shi da inda zai taɓa laka. An shafe tsakar gida da siminti, an kewaye gida da doguwar katanga, ga maigadi a bakin ƙofa. Babu dandali. Uba ya fita ofis ko kasuwa tun da safe, uwa ma sau da yawa ma'aikaciya ce. Yaro ya tafi boko da sassafe, ya komo ya ci abinci a gurguje, ya tafi Islamiyya, ya komo ya tarad da malamin da aka ɗauka ya ƙara masa karatu a gida. In ya sami sarari kaɗan, sai a miƙa masa waya ko a kunna masa talabijin don ya zauna wuri ɗaya, kada ya ɓata kujeru.

Ba mu ce duk gidajen haka su ke ba, ba kuwa zargin iyayen mu ke yi ba. Son 'ya'yansu ne ya sa su ke wannan ɗawainiya. Har kuɗi masu yawa su ke biya a makarantun renon yara, inda a ke sayo yumɓun kanti mai launi-launi, da akwatin rairayi, don yara su yi wasa da su na ɗan lokaci. Kun ji fa! Yumɓu da rairayi, abin da ke zube a bayan gidan kowa a ƙauye.

Kada kuwa mutumin ƙauye ya ce wannan matsalar mutanen birni ce. Mu ma muna da namu hanin. Da damina yaro yana gona, da rani yana kiwo ko ɗebo ruwa. Yarinya tun ba ta kai shekara 7 ba an aza mata farantin talla, ko an goya mata ƙane. In ta zauna tana tuwon ƙasa sai ka ji uwa ta ce, “Ke, tashi ki ba ni wuri! Ba ki da aiki ne?” Uba kuma ya shigo ya yi tuntuɓe da motar kara, ya sa ƙafa ya shure ta waje. Katanga da siminti sun hana yaron Nasarawa, aiki da tsawa sun hana namu.

Abin da yaro ke koya

Mu dubi motar kara sosai, gama akwai karatu a cikinta. Da kaka, bayan an girbe dawa, yaro ya kan zaɓi kara busasshe, miƙaƙƙe. Sai ya ɓare ɓawon nan mai ƙarfi, ya tsattsaga shi siri-siri. Abin da ya rage shi ne totuwa, watau farin cikin nan mai laushi. Totuwa ita ce katakonsa, tsinken ɓawo shi ne ƙusarsa. Ya yanyanka totuwa, ya soka tsinke ya haɗa wannan da wancan, har gangar mota ta tashi. Sa'an nan ya nemi sakaina ko tsohon silifa, ya zana da'ira, ya yanke taya huɗu.

To, a nan aiki ya ke. In taya ɗaya ta fi sauran girma, mota ta riƙa ɗingishi. In hudar ba a tsakiya ta ke ba, taya ta riƙa tsalle. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, mota ta karkace. Ba wanda ya gaya masa wannan, motar ce da kanta ta gaya masa. Sai ya warware, ya gwada wannan sanda da waccan, ya daidaita, ya sake haɗawa. Sau uku, sau huɗu, wani lokaci har da hawaye. Ran da ta gangara sumul, ku dubi fuskarsa.

Yaron nan ya yi awo, ya yi ƙirga, ya gane tsakiyar da'ira tun bai san sunanta ba. Ya kuma koyi abin da ya fi waɗannan wuyar koyarwa: in abu ya ƙi, a kan nemi dalili ne a gyara, ba a jefar a tafi. Yaron da aka saya wa motar roba ya sami mota. Wanda ya haɗa ta kara ya sami mota, ya kuma san yadda a ke yin wata in ta karye.

Tuwon ƙasa ma haka ne. Duwatsu uku murhu, gwangwanin madara tukunya, ganye miya, tsinke muciya. Yarinya ta gane in ruwa ya yi yawa tuwo ba ya mulmuluwa. Ta kasa malmala, ta raba wa 'yan gidanta na wasa, kowa da rabonsa. Wata ta zo saye da tsingaro a madadin kuɗi, a yi ciniki, a ba da canji. Ku kasa kunne ku ji maganarsu. Wannan ita ce uwargida, waccan amarya, waccan baƙuwa daga birni, ana gaisuwa, ana ban haƙuri, ana sulhu. Duk maganar da suka ji a bakinmu, mai kyau da maras kyau, a nan su ke gwada ta. Mai son ya san yadda ya ke magana a gidansa, ya saurari 'yarsa wajen tuwon ƙasa.

Haka kuma tashe. In azumi ya kwana 10, yara su kan tashi neman auduga ta gemu, da tsummoki, da gawayi da farar ƙasa na shafa fuska, da gwangwani na kiɗa. Su da kansu su ke raba aiki, su shirya wasa, su zaga gida gida, su raba abin da suka samu. Ba malami, ba shugaba babba.

Akwai wani amfani kuma da ya shafe mu, mu 'yan ajin nan. Ku tuna ran da kuka fara riƙe fensir. Hannun da ya saba da fartanya da taɓarya ya ƙi lanƙwasa, yatsu suka sandare, wani har ya huda takarda. Ba rashin basira ba ne, yatsu ne ba su saba da ƙaramin aiki ba. Yaron da ya taso yana murza yumɓu, yana soka tsinke a totuwa, yana zane a kan rairayi da ɗan yatsa, ya riga ya horar da yatsunsa. Ran da aka ba shi alƙalami da allo, ko fensir da takarda, ba zai sha wuyar da muka sha ba.

Mutane biyu

A bayan takardar naira 20 akwai hoton wata mace tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta a garin Kwali. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu a ke kira Suleja. Tukwanenta sun kai har Ingila da Amurka, ta je da kanta ta nuna gwanintarta a can. Ta rasu a 1984.

Ga kuma Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato. Tun yana yaro ba shi da abin so kamar zanen motoci. Ya yi karatu a Sakkwato da Birnin Kebbi, ya wuce birnin Detroit na Amurka ya koyi tsara motoci, ya yi aiki a kamfanin General Motors. Shi ya zana siffar farko ta motar nan mai aiki da lantarki, Chevrolet Volt, wadda aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar Nijeriya mai kula da tsara motoci da ƙera su.

Ba mu kawo sunayen nan don mu yi muku alkawari ba. Yara dubu su kan haɗa motar kara, ba a sami mai tsara mota ko ɗaya a cikinsu ba. Amma a cikinsu ne a ke samun magini da tela da makaniki da kafinta, da manomin da ke gyara garmarsa da kansa, da matar da ba ta jiran a zo a ɗinke mata ƙwarya.

Masana ma sun daɗe da gane wannan. Wani malami a Jamus, Friedrich Froebel, ya kafa makarantar ƙananan yara, ya raɗa mata suna lambun yara a 1840. Kayan karatunsa su ne 'yan katakai da tsinkaye da takarda da yumɓu da rairayi. Daga gare shi makarantun renon yara suka gaji wannan hanya. A 1989 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta haƙƙoƙin yara, ta sa wasa a ciki, a sashe na 31. Nijeriya ta amince da wannan yarjejeniya a 1991.

Wani zai ce, 'yar tsana fa, ba gunki ba ne? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun yi bayani a kanta. Ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da ta ke wasa da su tare da ƙawayenta, har da doki mai fukafukai, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gani bai hana ba. Mai neman ƙarin bayani ya tambayi malamin garinsu.

Datti dabam, ƙazanta dabam

Yanzu sai maganar ɓata jiki, wadda ita ce kukan mata. Gaskiya ne, sabulu kuɗi ne, ruwa kuma a ka a ke ɗauko shi. Wadda ta yi shara tun da asuba ba ta son ta ga ɓawon kara ko'ina da hantsi. Ba mu raina wannan kuka ba.

Amma mu rarrabe abu biyu. Yumɓu mai tsabta da rairayi da gawayi datti ne kawai, ruwa na fid da su. Ƙazanta ita ce mai sa cuta, ita ce abin tsoro. Ƙasar da a ke ba-haya a kanta, ko inda awaki da kaji ke kwana, tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa. Kada yaro ya yi tuwon ƙasa a nan. Kududdufi kuma, inda yara suka fi son ɗebo laka, ya ci yara da yawa, kuma a ruwansa a ke ɗaukar tsargiya, watau fitsarin jini. In ana son yumɓu, babba ya ɗebo, ko a roƙi kaɗan wurin masu ginin tukwane.

Gwangwani mai kaifi a daddake bakinsa da dutse kafin a ba yaro. Ƙaramin yaro ba a ba shi reza, kuma shi kansa ɓawon kara ya kan yanka yatsa. In yaro ya yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe, gama akwai ƙwayar cuta a ƙasa mai shiga ta rauni, ta sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Allurar rigakafin yara tana tsare wannan, sai a tabbata an yi musu ita duka.

Akwai kuma abubuwan da ko kusa ba na wasa ba ne: tsohon batir, da robar maganin feshi, da allurar asibiti da aka yar. Kada mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010. A wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum an riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa. Ashe akwai dalma a cikinsu. Ƙurar ta gauraye da ƙasar tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara wajen 400 suka mutu, wasu da yawa suka nakasa. Saboda haka duk inda a ke aikin ma'adini ko fasa batir, yaro ba ya wasa a ƙasar wurin, ko da ta yi kyau a ido.

In an tsare waɗannan, sauran dabara ce. A ware wa yara lungu ɗaya a tsakar gida, mai inuwa, nesa da murhu da rijiya da turken dabbobi. A ce, “Nan ne naku.” A zuba musu rairayi kwano biyu ko uku. A keɓe tsohuwar riga ɗaya ta wasa, kada a riƙa faɗa a kan ta zuwa makaranta. A ba su tsohon kwali ko fasasshiyar ƙwarya ta ajiye kaya. Wanda gidansa siminti ne, kamar na Nasarawa, buhu ɗaya da aka shimfiɗa da tsohon baho na rairayi sun isa. Doka biyu ce kawai: in an gama, mai wasa shi ke tattarawa ya share, kuma ba a cin abinci sai an wanke hannu da sabulu.

Abu ɗaya mu ke roƙo, musamman ga mai shara. Kada ki haɗa abin da yaro ya gina da bola ba ki tambaye shi ba. A wurinki guntun laka ne, a wurinsa sa ne mai tozo, ya yini yana gyara masa ƙaho. Ki tuna yadda ki ke ji in akuya ta zubar miki da garin da kika yini kina daka.

To, ina lokaci?

Wannan wasa ba ya bukatar uwa ta bar girki, ko uba ya bar gona. Yara sun fi mu iya shi. In ma babba ya sa hannu da yawa ya kan ɓata, don sai ya karɓe ya ce, “Kawo in yi maka.” Ka bar shi ya yi karkatacciyar motarsa, ta gaba za ta fi.

Abin da su ke bukata daga gare mu kaɗan ne. Uba in zai komo daga gona ya riƙo kara biyar masu kyau. Uwa tana tsince shinkafa, idonta na kan lungun yara. In yaro ya kawo abin da ya yi, a dube shi sosai, a ce, “Mene ne wannan? Yaya ka yi tayar ta ke juyawa?” Tambaya ɗaya irin wannan ta fi “madalla” goma da aka faɗa ba a ɗaga kai ba. Mun sani akwai alkunya, wata uwar ba ta iya sakin jiki da ɗan fari. To, ai shi ya sa Allah ya yi kakanni. Tsakanin kaka da jika wasa ne, kuma tsofaffi sun san yadda a ke yin tabarau na kara da kejin tsuntsu da 'yar tsanar ƙashi, abubuwan da iyayen yanzu da yawa suka manta. Ga gwaggo, ga kawu, ga yayye.

Sai dai lokacin shi yaron, wannan tilas mu ne za mu ba shi. Tsakanin la'asar da magariba, ko ranar Alhamis da Jumma'a da makarantar allo ke hutu, a sakar masa awa ɗaya da ba aike, ba talla, ba reno. Yarinya ta fi bukatar a tsaya mata a kan wannan, gama ita a ke fara kira in aiki ya taso, alhali wanta na can yana gare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya sami awa 3 a yini yana motsa jiki da wasa iri iri. Ta ce wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon ya wuce awa 1. Wannan shawara ta shafi ƙauye ma, domin yanzu waya ta shiga ko'ina, kuma ba abin da ya fi ta saurin sa yaro ya yi shiru.

Aikin wannan mako

Ku rubuta kalmomin nan sau uku uku, ku lura da haruffa masu ƙugiya: yumɓu, ɓawo, ƙasa, ƙwarya, ɗingishi, 'yar tsana.

Ku amsa da baki a aji: Me ya sa motar kara ta kan yi ɗingishi? Ina ne bai kamata yaro ya ɗebo laka ba, kuma don me?

Ran aji mai zuwa kowa ya zo da abu ɗaya da yaron gidansu ya yi da hannunsa, bayan ya nemi izininsa. Za mu jera su a gaban allo, kowa ya rubuta sunan abin a 'yar takarda ya ajiye a gindinsa. In an tashi, a mayar wa masu su kayansu.